Kasuwanci a Kafafen Sada Zumunta: Talla, Dillanci da Lamuni

Shirin faɗakarwa na yau ya karkata ne ga wata harka da ta shiga gidaje da rumfuna masu yawa a ƙasar Hausa, wato saye da sayarwa ta kafafen sada zumunta, waɗanda su ne manhajojin da ke bai wa mutum damar aika rubutu da murya da hoto da bidiyo ga mutum ɗaya ko ga dubban mutane ta hanyar intanet, irin su WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok, da kuma X, wanda a da ake kira Twitter. Abin da shirin zai tsaya a kansa shi ne cewa waɗannan kafafe sun karɓi aikin mai talla gaba ɗayansa, sun kuma karɓi wani ɓangare na aikin dillali, amma lamunin da dillali yake tsayawa a kai sun bar shi a ƙasa, kuma daga wannan giɓi ne mafi yawan rikicin wannan kasuwa yake tasowa.

Tarihin abin gajere ne. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, an kafa Facebook a Amurka a 2004, WhatsApp ya biyo baya a 2009, sannan Instagram a 2010. Kamfanin Facebook ya sayi Instagram a 2012 a kan kimanin dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19, kuma a 2021 ya sauya wa kansa suna zuwa Meta, ta yadda a yau manhajoji uku daga cikin waɗanda ɗan kasuwa ya fi dogara da su duk na mai gida ɗaya ne, yayin da TikTok yake hannun kamfanin ByteDance na ƙasar Sin. Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, shekarun da suka fi muhimmanci su ne 2017, lokacin da WhatsApp ya fito da sitatus, wato hoto ko bidiyon da mutum ke ɗorawa ya ɓace bayan awa 24, da 2018, lokacin da aka fito da WhatsApp Business domin masu sana'a, sai kuma farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi, har mai shayi da mai kayan miya suka koyi karɓar tiransifa ala tilas. Talla ta riga ta hau waya kafin wannan lokaci, amma daga nan ne biyan kuɗi ma ya same ta a can.

Kafin a fahimci abin da waya ta kawo, ya kamata a tuna yadda Bahaushe ya saba yin ciniki da wanda bai sani ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da masu kai shanu kudu, ba sa shiga baƙon gari su kama ciniki kai tsaye, sai sun sauka a wajen fatoma ko maigida, wanda zai ba su masauki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, kuma idan aka ba da kaya bashi shi ne zai tsaya a matsayin mai lamuni, wato wanda za a kama idan mai saye ya gaza biya. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a binciken da ya wallafa a 1969 game da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, inda ya nuna cewa cinikin shanu da goro ya tsayu ne a kan sunan masu gidaje da mutuncinsu. Dillali yana karɓar la'ada ne saboda abubuwa uku da yake yi: yana kai labarin kaya, yana daidaita ciniki, yana kuma sa fuskarsa a tsakani, domin gobe ma a wannan kasuwar za a same shi.

A cikin gidaje ma akwai irin wannan tsari. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta kira kasuwancin matan aure da ke cikin gida ɓoyayyen ciniki, saboda hatsi da mai da abinci suna ta canza hannu ba tare da sun taɓa shiga kasuwa ba, kuma Enid Schildkrout ta nuna a binciken da ta yi a Kano a shekarun 1970 cewa yara masu talla da 'yan aike su ne ƙafafun wannan ciniki. Dillaliya kuma takan ɗauki zannuwa da kwanuka da 'yan kunne ta bi gida gida. Matan da ke cikin gida su ne suka fi kowa cin moriyar wayar zamani, domin mai turaren wuta da humra a Maiduguri, ko mai dambun nama a Zariya, ko mai ɗinkin abaya a Sakkwato, tana iya nuna kayanta ga ɗaruruwan mata ba tare da ta taka ƙofar gida ba, kuma ba tare da ta ɗora wa 'yarta faranti a ka ba a lokacin da ya kamata yarinyar tana aji. Saƙon murya ya ƙara faɗaɗa ƙofar, tunda wanda bai iya karatun boko ba, ko wanda ajami kaɗai ya sani, yana iya taya kaya ya kuma ji amsa da Hausarsa, ko yana Damagaram ko yana Zangon Kumasi.

Ya kamata a raba kafafen gida biyu, domin ba aiki ɗaya suke yi ba. WhatsApp kafa ce ta waɗanda aka riga aka sani. Sitatus ba ya isa ga mutum sai idan shi da mai kayan kowa ya adana lambar ɗan'uwansa, saƙon bai-ɗaya da ake aika wa mutane da yawa lokaci guda shi ma ba ya shiga wayar wanda bai adana lambar mai aikawa ba, shi ya sa masu sana'a suke yawan cewa a adana lambarsu a kuma yi musu magana su adana ta mai saye. WhatsApp Business ya ƙara abubuwa masu amfani waɗanda da yawa ba sa kula da su: wurin rubuta adireshin shago da lokutan aiki, kundin kaya mai ɗauke da hoto da bayani da farashi, saƙon da ke amsa sallama da kansa idan mai shago ba ya kusa, da alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira domin a san wanda ya biya, da wanda ake bi bashi, da wanda kayansa ke hanya.

Facebook da Instagram da TikTok kuwa kafafe ne na neman baƙi. A nan abin da mutum zai gani ba ya bin tsarin wanda ya fara ɗorawa, wani tsarin lissafi ne na kwamfuta, wanda ake kira algoridim, yake zaɓa, yana la'akari da abin da mutum ya saba tsayawa ya kalla, da tsawon lokacin da ya yi a kai, da yawan waɗanda suka yi sharhi ko suka tura wa wasu. Kamfanonin suna samun kuɗinsu ne daga masu biyan kuɗin talla, don haka bukatarsu ita ce mutane su daɗe suna kallo, ko an sayi kayan ɗan kasuwa ko ba a saya ba. Daga nan ne ake samun abin da ke rikita mutane da yawa, wato mai shago ya ga dubban mutane sun kalli bidiyonsa amma ko turmin atamfa ɗaya bai fita ba. Sau da yawa dalilin shi ne an jawo 'yan kallo da barkwanci ko rawa ko wata taƙaddama da ba ta da alaƙa da kayan, sai aka tara jama'ar da suka zo nishaɗi. Mabiya 300 da ke garin da mai ƙosai ko mai kek take, waɗanda za a iya kai wa kaya da zafinsa, sun fi mata amfani a kan mabiya 30,000 da ke warwatse a ƙasashen da saƙonta ba zai taɓa zuwa ba.

Tallan da ake biya yana da nasa tsarin. Mai talla yana zaɓar gari da shekaru da jinsi da irin abin da yake zaton masu sayensa suna sha'awa, ya sa adadin kuɗin da zai kashe a rana, sannan kamfanin ya haɗa shi gasa da sauran masu neman idon waɗannan mutane, a wani gwanjo da kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido. Tun farkon 2022 Meta yake ƙara harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin talla a Nijeriya. Hanyar hankali ita ce a fara da kuɗi kaɗan, a gwada hotuna biyu daban na 'yan kwanaki, a auna sakamakon da yawan waɗanda suka yi magana suka saya, domin yawan waɗanda suka danna alamar so ba ya biyan kuɗin haya.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne siffanta kaya, domin a kasuwar waya mai saye ba ya taɓa yadi da hannunsa, ba ya ɗaga shi ga hasken rana, ba ya murza bakinsa ya ji nauyi. A Kantin Kwari mai sayen shadda yakan ce a fito da ita bakin rumfa ya gani, saboda ya san hasken ƙwan lantarki yana canza launi. Kyamarar waya ta fi ƙwan lantarki iya wannan canji, tana ƙara wa launi kaifi da kanta, manhajar kuma tana matse hoton kafin ta aika, sannan fuskar kowace waya da irin yadda take nuna launi, har shaddar da ta fita a matsayin ruwan toka ta isa wayar mai saye tana kama da sararin samaniya. Mai sana'ar da ya san aikinsa yana ɗaukar hoto da hantsi a cikin inuwa, a kan farar shimfiɗa, ba tare da kayan gyaran hoto ba, ya kusanto da kyamara har a ga saƙar zaren, ya ɗauki gajeren bidiyo yana juya yadin domin a ga sheƙinsa na gaskiya, sannan ya rubuta ko ya faɗa da baki: yadi nawa ne, wane kamfani ya yi, ko yana zuba idan aka wanke, ko akwai tabo a wani gefe. Mai sayar da humra ta faɗi girman kwalbar ta kuma riƙe ta a hannu, domin kwalbar da aka ɗauka ita kaɗai a hoto ba a gane girmanta. Mai sayar da tsohuwar waya ya faɗi ko an taɓa canza mata gilashi.

Malaman fikihu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala, tun kafin a yi tunanin waya. Asalin ƙa'ida shi ne an hana cinikin garari, wato cinikin da mai saye bai san haƙiƙanin abin da zai samu ba, amma mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, ta halatta sayar da abin da ba ya nan idan an siffanta shi siffa mai gamsarwa, bisa sharaɗin cewa idan ya iso ya saɓa wa siffar to mai saye yana da zaɓin mayarwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid akwai maganar sayen kayan da ke ƙunshe a cikin dila bisa barnamaj, wato takardar da aka rubuta adadin tufafin da ke ciki da nau'insu da siffarsu, ba tare da an kwance dilar ba, kuma cinikin yana tabbata ne idan abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta. Kundin kaya na WhatsApp da rubutun da ke ƙarƙashin hoto a Instagram suna tsaye ne a wannan matsayi, don haka wanda ya ɗora hoton leshi mai tsada ya aika da kwaikwayonsa, ko ya ɓoye aibin da ya sani, ya yi algus, ko da kuwa bai furta ƙarya da bakinsa ba. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da haka, domin dokar kare haƙƙin masu saye, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana siffanta kaya ta hanyar yaudara, ta bai wa mai saye damar mayar da abin da ya saɓa wa bayaninsa, ta kuma bukaci a bayyana farashi.

Maganar farashi tana bukatar tsokaci, saboda al'adar nan ta ɗora kaya ba farashi, a ce duk mai so ya biyo ta akwatin saƙo. Masu yin haka suna da hujjarsu, wasu na gudun kada abokan gasa su karya musu farashi, wasu kuma na cewa kuɗin kaya yana tashi kullum, musamman tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Sai dai mai saye yakan fassara abin da cewa za a duba hotonsa ne a yanka masa farashi daidai da shigarsa, mai kunya kuma, wanda ba ya son ya tambaya ya kasa saye, sai ya wuce shiru. Rubuta farashi tare da ranar da aka sa shi ya magance matsalar hauhawa, kuma bai hana tayi ba, mai saye yana iya neman ragi, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama, kamar yadda aka saba.

Akwai kuma wani rukuni da waya ta haifar, wato masu sayar da kayan da ba sa hannunsu. Matashi ko matar aure za ta shiga zauren WhatsApp na wani babban dila na Kwari ko Singa ko Ƙofar Wambai, ta kwashi hotuna ta ɗora a sitatus da ƙarin riba, idan an yi oda ta karɓi kuɗi sannan ta je ta saro. Wannan hanya ta buɗe wa marasa jari ƙofa, kuma babu laifi a neman halali ta nan, amma tana da rami, domin hoton yakan daɗe yana yawo bayan kayan sun ƙare, sai a karɓi kuɗin mutum a kan abin da babu shi, a koma ana ba shi haƙuri ko a tura masa wani launi daban. Malamai sun yi gargaɗi a kan sayar da takamaiman abin da mutum bai mallaka ba, suka kuma nuna mafita, ko dai mutum ya fito fili a matsayin wakili ko dillali mai karɓar la'ada, ko kuma a yi cinikin salam, wato a biya kuɗi gaba a kan kaya masu sananniyar siffa da adadi da ranar kawowa. A aikace abin da ake bukata ƙarami ne: a tabbatar da kayan suna nan kafin a ba da lambar asusu, a kuma gaya wa mai saye gaskiya cewa sarowa za a yi.

Daga nan sai a zo kan tambayar da kowane ciniki na nesa yake tsayawa a kanta, wato wa zai fara sakin nasa. Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a toshe lambarsa, mai kaya yana tsoron ya tura kaya a ce ba a gani ba. A da dillali ne yake raba wannan gardama. Yanzu nauyin ya koma kan mai kaya, shi ne zai gina wa kansa abin da zai tsaya masa, kuma ana gina shi ne da ƙananan abubuwa da ake iya tantancewa: sunan asusun banki ya zama ɗaya da sunan da ke kan shafi, a yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar CAC, a faɗi lambar shago da layin da yake ko unguwar da ake, a amince da kiran bidiyo idan mai saye ya nemi ganin kayan a hannu, a kuma rubuta ƙa'idar mayar da kaya tun kafin a samu saɓani. Wasu kan raba haɗarin biyu, a ba da kafin alƙalami, a cika sauran idan kaya sun isa. Wasu masu saye kuma sukan tura ɗan'uwa ko aboki da ke garin ya je ya gani da idonsa, wanda hakan komawa ce ga tsohon tsari ta wata ƙofa.

Aika kaya ta tasha, wanda ake kira waybil, yana da nasa ladubban. Ana naɗe kayan a leda mai kauri, a zagaye da salatif, a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da garin da za a sauke da babban alƙalami a jikin ƙunshin, sannan a ɗauki hoton ƙunshin a hannun direba ko ɗan kamasho, a ɗauki lambar motar, a tura wa mai saye duka tare da lambar direban da lokacin da motar ta tashi. Wannan aikin minti biyu ne, amma shi ne shaida idan kaya suka yi ɓatan dabo tsakanin Kano da Yola, kuma tun farko ya kamata a yanke wanda zai biya kuɗin mota da wanda asara za ta hau kansa. Ta ɓangaren kuɗi kuwa, saƙon alat da ya shigo waya da hoton rasit da mai saye ya turo duka ana iya ƙirƙirar su, don haka ba a sakin kaya sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna a asusu. Ɗan damfara yakan zo ne da gaggawa, yana cewa mota za ta tashi ko biki gobe ne, domin ya hana mai kaya wannan dubawar.

Yadda ake amsa saƙo ma wani ɓangare ne na lamuni. Wanda ya yi sallama a amsa masa, a kira Hajiya da Hajiya, Malam da Malam, ko da tambayar farashi kawai suka yi suka tafi, domin mai tambaya yau shi ne mai saye bayan an yi albashi. Idan aka yi ƙorafi a bainar jama'a, zagi da tonon silili ba sa ƙara wa shago komai sai 'yan kallo, abin da ya fi shi ne amsa gajeriya mai ladabi a fili, sannan a koma gefe a warware. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu, ta ɗora hoton hirar kwastoma ko rasit ɗinsa a sitatus domin a nuna ana ciniki, da sunansa da lambarsa da adadin kuɗin da ya tura duk a bayyane. Wannan tona asiri ne, yana iya jawo wa mutum 'yan damfara ko rigimar cikin gida, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa neman izini ya zama tushe wajen amfani da bayanan mutum. Haka nan jefa mutane cikin zauren talla ba tare da an tambaye su ba.

Saboda yabon masu saye ya zama abin da baƙo yake dubawa kafin ya yarda, sai aka samu masu ƙirƙirar sa. Ana sayen mabiya na bogi, ana sa ƙawaye su rubuta cewa sun saya sun ji daɗi alhali ko kwalbar ba su taɓa gani ba. Wannan ya yi kusa ƙwarai da abin da fikihu ya kira najashi, wato mutum ya taya kaya da tsada ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya, kuma an hana shi. Biyan fitattun mutane, irin su 'yan fim da mawaƙa da masu barkwanci, domin su tallata kaya halas ne a kan kansa, sai dai wanda aka biya ya bayyana cewa talla yake yi, kuma ya san cewa sunansa ne ya jingina. Abin ya fi tsanani a kan abin da ake ci ko ake sha ko ake shafawa. Magungunan gargajiya da kayan mata da mayukan canza launin fata sun cika waɗannan kafafe, da alƙawuran warkar da ciwon suga ko hawan jini ko rashin haihuwa cikin kwanaki, alhali doka ta ce irin waɗannan kaya sai da rajistar hukumar NAFDAC, tallansu ma sai da amincewarta, kuma hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ikonta ya haɗa da tallan da ake yi a intanet. Wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarin makuri ko magungunan sitiroyid masu lalata fata da ƙoda, kuma wadda ta haɗa su a ɗaki ta zuba a roba marar suna ba ta da hanyar sanin adadin da ta sa.

Saura batun mallakar shafin kansa. Shafi a waɗannan kafafe rumfar haya ce wadda ba a rubuta yarjejeniya da mai ita ba, yana iya canza doka ko ya rufe ƙofa ba tare da sanarwa ba. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 har zuwa Janairun 2022. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, kuma duk wanda kasuwarsa ke cikin waya a waɗannan wurare ya zauna ba ciniki. Ban da waɗannan akwai 'yan kutse, waɗanda dabararsu da aka fi sani ita ce su kira mutum su ce daga wata ƙungiya ko zauren da yake ciki suke, za a yi taro ta intanet, ya karanto musu lambobi shida da aka turo masa. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp ɗinsa, da zarar ya faɗa sun ƙwace shi, sai su bi kwastomominsa ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa suna karɓar kuɗin kaya a wani asusu. Kariyar ita ce kada a faɗa wa kowa waɗannan lambobi, a kuma kunna tabbaci mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mai wayar ya zaɓa da kansa. Layin da aka yi rajistar kasuwanci da shi ya zama an haɗa shi da lambar NIN ta mai shi, kuma kada a bar shi ya daɗe ba a amfani da shi, domin kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka yi watsi da shi.

Saboda haka ne littafin takarda bai rasa aikinsa ba. A cikinsa ake rubuta sunayen masu saye da lambobinsu da garuruwansu da abin da kowa ya saba saye, ta yadda ko shafi ya tafi za a iya kiran su ɗaya bayan ɗaya daga sabon layi. A cikinsa kuma ake fitar da lissafin da yawancin masu kasuwar waya ke mantawa, wato kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, da kuɗin cajin waya, da leda da salatif, da kuɗin adaidaita zuwa tasha, da abin da banki ke cira a kan tiransifa, da kuɗin talla, da kayan da aka dawo da su. Mai sayar da turmin atamfa da ribar naira 1,000, idan ta kashe 600 a kan zuwa tasha da dawowa domin oda ɗaya tak, abin da ya rage mata bai kai ladan wunin da ta yi tana amsa saƙonni ba, shi ya sa masu ƙwarewa suke ware ranaku biyu ko uku a mako domin aika kaya, su tara oda su kai tasha a tafiya ɗaya, su kuma sanar da waɗannan ranaku a shafinsu domin mai saye ya san lokacin da zai sa ran kayansa.